Darasi na Tara: Tsofaffin Maƙabartun Karkara da Tarihin da Ke Tare da Su

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana dalilin da ya sa tsohuwar maƙabarta take ɓacewa tun mutane suna kallo.
2. Kawo misalin wuraren da kaburbura suka adana tarihi a Najeriya da Nijar.
3. Auna kewayen maƙabarta, ya lissafa abin da shingenta zai ci.
4. Tambayar dattawa, ya rubuta abin da suka faɗa, ya kuma gano shekarar da abu ya faru.
5. Sanin hukumar da zai nufa idan an taɓa maƙabarta ko an tono kayan tarihi.

1. Kabarin da ba shi da suna

A ƙasar Hausa ba mu saba rubuta suna a kan kabari ba. Ana haƙawa, a sa mamaci, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe da ganye da ɗanyar ƙasa, sannan a tara ƙasa ta yi tudu. Bayan 'yan damuna tudun ya kwanta. Bayan wasu kuma gara ta cinye itacen, wurin ya lotsa, ciyawa ta rufe shi. Baƙon da ya biyo ta wurin ba abin da zai gani sai fili.

To, mene ne ke riƙe da tsohuwar maƙabarta? Sanin mutane ne. Akwai dattijon da ya san cewa daga gindin tsamiyar nan zuwa bakin burtali duk kaburbura ne. Akwai wanda ya shekara arba'in yana haƙar kabari, ya san inda aka sa liman na fari da inda aka jera waɗanda annoba ta kwashe. Ranar da waɗannan mutane suka rasu ba tare da an rubuta abin da suka sani ba, maƙabartar ta kama hanyar zama gona. Ba lalle ne wani ya yi mugunta ba. Wanda ya gaji gonar da ke maƙwabtaka zai ƙara kunya ɗaya bana, ɗansa ya ƙara biyu baɗi, ba kuwa wanda zai ce musu kul, domin ba wanda ya san inda iyaka take.

Wannan shi ne ginshiƙin darasinmu. Kare tsohuwar maƙabarta aiki biyu ne a haɗe: a tsare filin, a kuma rubuta abin da ke cikin kawunan dattawa. Na biyun ya fi gaggawa, domin shinge yana iya jiran baɗi, tsoho kuwa ba tabbas.

> AKWATIN MA'ANA
> Maƙabarta: filin da jama'a suka ware domin binne matattu.
> Kushewa: kabari.
> Hubbare: wurin da aka keɓe kabarin wani babban malami ko shugaba, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato.
> Kufai: wurin da gari ko gida ya taɓa zama, mutane suka tashi suka bar shi.

2. Abin da kaburbura suka faɗa mana

Wani zai ce, wanda ya mutu ya mutu, me za a samu a tsohon kabari? Mu duba wurare uku.

Na farko shi ne Durɓi Takusheyi, a ƙaramar hukumar Mani ta jihar Katsina. A can akwai wasu tuddai da mutanen yankin suka daɗe suna cewa kaburburan sarakunan Katsina na farko ne. A 1907 wani Baturen mulki mai suna Palmer ya haƙa wasu daga cikinsu, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus tare da na Najeriya suka sake haƙa wasu. An tarar da duwatsun ado, da wuri, da awarwaron hauren giwa, da 'yan kunnen zinariya, da tasoshin ƙarfe waɗanda aikinsu ya nuna daga Gabas ta Tsakiya suka fito. Bincike ya nuna an yi binnewar tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, daga baya aka maido su Najeriya. Wato tun shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Turawa, ƙasar Katsina tana cinikayya da ƙasashe masu nisa ta hanyar Sahara. A lura da abu ɗaya: ba masana ne suka gano wurin ba. Mutanen ƙauye ne suka riƙe labarinsa, kaka ya faɗa wa jika, har masana suka zo suka tarar da shi.

Na biyu shi ne Burmi, wadda ake kuma kira Mbormi, kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gwambe. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. A Burmi aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903. Nan Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, nan kuma aka kashe Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojojin Turawa. An rushe garin, bai sake tashi ba. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. Burmi yanzu kufai ce a tsakiyar gonaki. Kabarin Sarkin Musulmi da na Baturen su ne manyan alamun da ke nuna wa baƙo cewa a nan aka yi wannan yaƙi.

Na uku darasi ne mai ɗaci. A Bura, cikin yankin Tera a yammacin Nijar, an ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a 1975, wadda aka jera tukwane da mutum-mutumin yumɓu a kan kaburburanta. Masanin tarihi ɗan Nijar, Boubé Gado, ya yi aikin haƙa a wurin a 1983. Da kayan suka yi suna a Turai, sai dillalai suka shigo da kuɗi, mutane suka dinga tone irin waɗannan wurare suna sayar da abin da suka samu. Tukunyar da aka ciro ba tare da an rubuta inda take da abin da ke kusa da ita ba, ta zama kayan ado kawai. Labarinta ya tafi, ba kuma zai dawo ba.

Ba kowane ƙauye ne yake da kabarin sarki ba, ba kuma sai da shi wuri yake da daraja ba. Maƙabartar ƙauyenku tana iya nuna inda garin ya fara zama kafin ya matso bakin titi, da zuriyar da ta fara sarar dajin, da shekarar da yunwa ko sanƙarau suka yi ɓarna. Ko a shari'ar gona, sau da yawa kabarin kakanni ne yake raba gardama.

3. Abubuwan da ke cin maƙabarta

Mun riga mun ambaci noma. Kusa da shi akwai gini: gari yana faɗaɗa, fuloti yana tsada, sai a wayi gari an kafa harsashi a kan kaburbura. Akwai masu ɗibar yashi da masu haƙar ƙasar bulo, waɗanda suke cin gefen filin har ƙashi ya bayyana. Akwai dabbobi da ke tattake kaburbura idan ba shinge, da wutar da yara ke sakawa da rani wajen farautar ɓera da gafiya.

Ruwa ya fi su duka saurin ɓarna. Ƙaramar hanyar ruwa da aka raina bana, bayan damuna uku ta zama kwazazzabo. Manyan ayyukan gwamnati ma suna da nasu rabon. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tsohon garin Bussa ya nutse, aka mayar da mutanensa sabon matsuguni. Duk garin da za a tasa saboda dam ko titi, ya kamata mutanensa su sa maganar maƙabarta a cikin tattaunawa tun farko, ba sai katafila ta iso ba.

A zamaninmu an sami ƙarin wata musiba. Ƙauyuka da yawa a Zamfara, Katsina, Sakkwato da Borno sun watse saboda rashin tsaro. Ba mai iya zuwa ya yi shinge a can yanzu, kada kuma wani ya jefa ransa cikin hatsari saboda wannan darasi. Amma dattawan waɗannan garuruwa suna nan a birane da sansanonin gudun hijira. Ana iya zama da su yau a rubuta, a zana taswirar garin daga bakinsu, a ajiye har ranar da Allah zai kawo komawa.

> AKWATIN MA'ANA
> Zaizayar ƙasa: yadda ruwa ko iska suke kwashe ƙasa a hankali.
> Kwazazzabo: rami mai zurfi da tsawo da ruwa ya haƙa.
> Wakafi: dukiyar da aka bayar domin Allah don amfanin jama'a, ba a sayar da ita, ba a gadonta.

4. Ina matsayin addini?

Dole a yi wannan tambaya, domin da zarar an ce a kula da kaburbura, wasu za su zaci ana nufin a gina su. Ba haka ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa an hana shafe kabari da farar ƙasa, da yin gini a kansa, da zama a kansa. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ajiye dutse a kabarin sahabinsa Usman ɗan Maz'un domin ya riƙa gane wurin. Saboda haka alama mai sauƙi tana da asali. Shinge a kewayen fili, da hana dabbobi shiga, da tare ruwa, duk suna cikin kiyaye alfarmar mamaci. Idan kuma mai fili ya bayar da shi domin binne jama'a, ya zama wakafi, magadansa ba su da ikon sayarwa. Duk inda aka sami shakka, a koma ga limamin gari da malamai kafin a ɗaga fartanya.

A wasu garuruwa za a tarar da kaburburan Maguzawa, ko na Kirista, ko na Turawan mulki kamar waɗanda ke Zungeru da Lakwaja. Su ma mutane ne, kuma suna cikin tarihin wurin. Ba daidai ba ne a kare wani sashe a bar wani ya zama juji.

5. Tsare filin

A fara da taro. Dagaci ko mai unguwa ya kira liman, da dattawa, da masu haƙar kabari, da duk wanda gonarsa ta yi iyaka da maƙabartar. Masu gonakin nan su ne waɗanda aka fi mantawa, su ne kuwa za su tumɓuke shingen da aka yi ba da saninsu ba. A zaga tare da ƙafa, a amince da iyaka, a kafa manyan duwatsu a kusurwoyi. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Katangar bulo tana da kyau, amma kuɗinta ya sa garuruwa da yawa suna ta jira har filin ya ƙare. Shingen itace mai rai ya fi sauƙi. Aguwa da cini-da-zugu suna kamawa daga reshe, dabbobi kuma ba su cika damuwa da su ba. Inda ruwa ke bi, a jera duwatsu a gicciye, a dasa jema ko gamba a bayansu domin saiwarsu ta riƙe ƙasa. Manyan itatuwa irin su darbejiya, a bakin iyaka ake dasa su, ba a tsakiyar kaburbura ba, saboda saiwa. Tsohuwar kuka ko tsamiyar da ke ciki kuwa kada a sare ta, domin da ita dattawa suke kwatance. Da kaka, kafin ciyawa ta bushe sarai, a yi gayya a share faɗin taki uku a kewaye domin wuta ta rasa abin kamawa.

*Misali na ɗaya: lissafin shinge.* A ce an auna wata maƙabarta, tsawonta taki 80, faɗinta taki 50. Kewayenta shi ne 80 + 50 + 80 + 50 = taki 260. Za a bar ƙofa mai faɗin taki 4 domin masu ɗauke da makara, saura 256. Idan a kowane taki za a dasa reshen aguwa 3, ana bukatar 256 × 3 = reshe 768. Idan mutum 24 suka fito gayya, kowa zai kawo 768 ÷ 24 = reshe 32. Aikin da aka zaci sai gwamnati, ashe na hantsi ɗaya ne.

Bayan shinge sai takarda. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da shaidar mallaka a filayen karkara, don haka a kai kwafin yarjejeniyar ga hakimi da sashen filaye na ƙaramar hukuma. A Nijar, Dokar Karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, a can ake kai irin wannan magana. Wanda ke da babbar waya ya tsaya a kowace kusurwa ya ɗauki lambobin wurin a Google Maps, a rubuta su a jikin takardar.

6. Rubuta abin da dattawa suka sani

Nan ne aikin yake bukatar haƙuri. Ba a zuwa wa tsoho da takarda a hannu kamar mai karɓar haraji. A je lokacin da ya huta, a gaisa sosai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izini kafin a kunna rikodar waya. Kada a sa masa amsa a baki. Wanda ya ce, "Baba, ai nan ne kabarin mai garin farko, ko?" zai ji "I" ko da ba haka ba ne, domin dattijo ba ya son ya kunyata baƙonsa.

*Misali na biyu: yadda ake tambaya.*

Ɗalibi: Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Barka kadai, ɗana. Ɗan gidan wa ke nan?

Ɗalibi: Jikan Sarkin Aska ne, Baba. Daga makarantar yaƙi da jahilci aka aiko mu. Muna so mu rubuta abin da kuka sani game da tsohuwar maƙabarta ta bayan rafi, in kun yarda.

Dattijo: Madalla. Ai da can garin yake.

Ɗalibi: Allah ya ƙara girma, wa ya faɗa muku haka? Ko kun gani da idonku?

Dattijo: A'a, ban tarar ba. Kakata ta wajen uba ce take faɗa, a can aka haife ta.

Ku lura da tambayar ƙarshe. Dole a bambanta abin da mutum ya gani da abin da ya ji, a kuma rubuta daga wa ya ji. Kada a tsaya ga maza kaɗai. Mata ba su cika raka gawa maƙabarta ba, amma tsofaffin mata sun fi kowa sanin dangantaka: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya rasu a goyon wa. Maza sun san wurin, mata sun san mutanen, sai an haɗa biyun littafi yake cika. Maroƙa da makaɗan fada su ma suna riƙe da jerin sunayen masu sarauta. Idan dattawa biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowa da sunansa, ba aikin marubuci ba ne ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi.

Dattawa ba su cika ƙirga shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke kwatance. Ga wasu da aka san shekarunsu a Najeriya: zuwan Turawa Kano da Sakkwato, 1903, samun 'yancin kai, 1960, komawa tuƙi ta hannun dama, 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1973.

*Misali na uku: gano shekara.* Wata tsohuwa ta ce, "An rufe tsohuwar maƙabarta da damuna biyu bayan an canja kuɗi zuwa naira, mahaifina ne na ƙarshe da aka sa." Lissafi: 1973 + 2 = 1975. A rubuta "wajen 1975", kada a bar kalmar "wajen", domin ƙiyasi ne.

A sami littafi mai bango mai ƙarfi. A shafin farko a zana taswirar filin, a nuna gabas, da itatuwa, da hanya. A ba kowane sashe lamba. A sauran shafuka a rubuta lambar sashe, da sunan wanda aka sani a ciki, da sana'arsa ko sarautarsa, da wanda ya ba da labarin, da ranar da aka rubuta. Boko ko ajami, duk wanda aka fi iyawa. A yi kwafi uku: ɗaya a gidan dagaci, ɗaya wurin liman, ɗaya a makarantar gari. Idan labarin yana da nauyi, ana iya kai kwafi Gidan Arewa a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

> AKWATIN MA'ANA
> Tarihin baka: labarin da ake karɓa daga bakin mutane, ba daga littafi ba.
> Kayan tarihi: tsofaffin abubuwan da magabata suka bari, kamar tukwane, makamai da kayan ado.
> Ƙiyasi: lissafin da ya yi kusa da gaskiya amma ba a tabbatar da shi ba.

7. Idan ƙasa ta tono wani abu

Wani lokaci ruwa ko garma suna fito da ƙashi ko tsohuwar tukunya. Idan ƙashin mutum ne, a sanar da dagaci da liman a mayar da shi cikin mutunci. Idan kuma da alamar sabo ne, maganar 'yan sanda ce. Idan kayan tarihi ne, kada a ci gaba da haƙa, kada a wanke, kada a sayar. A ɗauki hoto a inda yake, a rufe, a kai rahoto. A Najeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke ba da izinin haƙa, kuma doka ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da yardarta ba. Tana da gidajen tarihi a Kano, Katsina, Kaduna, Sakkwato da Jos.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa aka ce rubuta abin da dattawa suka sani ya fi shinge gaggawa?
2. Faɗi abubuwa uku da aka samu a Durɓi Takusheyi. Me suka nuna game da ƙasar Katsina?
3. Me ya faru a Burmi a 1903? Ina waɗanda suka tsira suka zauna?
4. Wace asara ake yi idan an tono tukunya an sayar ba tare da rubuta inda aka same ta ba?
5. Bayyana ma'anar kufai, wakafi da kwazazzabo.
6. Wata maƙabarta tana da tsawon taki 120 da faɗin taki 60. Za a bar ƙofa mai taki 4. Reshe nawa ake bukata idan za a dasa 3 a kowane taki?
7. Wani dattijo ya ce an haƙa rijiyar gari shekara biyar kafin 'yancin kai. Wace shekara ke nan?
8. Me ya sa ya kamata a gayyaci masu gonakin da ke iyaka da maƙabarta zuwa taron farko?

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta ziyarci dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya, ta tambaye su game da mafi tsufan maƙabartar garinku. Ku rubuta abin da kowannensu ya faɗa a shafi dabam, ku nuna abin da ya gani da abin da ya ji, ku kawo aji mako mai zuwa.